Amsa ga mai tambaya kan waken GMO

Ɗan'uwa, ka ce an gaya maka wannan wake da aka sauya wa ƙwayar halitta yana kashe ƙasa, kuma idan ka ajiye irinsa ba ya tsirowa. Damina uku ke nan ina shuka shi a gonata da ke wajen Kumo.

Sunansa SAMPEA 20-T, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ce ta fitar da shi a 2019. An ɗauko wani sinadari ne daga ƙwayar cuta da ke rayuwa a cikin ƙasa, wadda ake kira Bt, aka sa wa waken, tsutsar Maruka in ta ci sai ta mutu. Duk manomin wake ya san ta, ita ce ke shiga fure da kwanso, ka ga ganye kore shar, ranar roro ka dawo da rabin buhu. Da can sai in yi feshi sau shida, wani lokaci bakwai, yarona ya dawo ido jajawur, kansa na sarawa. Yanzu sau biyu nake yi. Biyun nan kuwa dole ne, don waken ba ya kashe darɓa, ba ya kashe ƙwaron da ke tsotse kwanso. Wani maƙwabcinmu ya ji an ce ba ya son magani, ya ƙi fesawa sam, ya sha mamaki.

Batun iri, na ajiye na shuka, ya tsiro lafiya lau. Masarar GMO mai suna TELA da aka amince da ita a 2024 ce mai aure, ita kam kowace shekara sai ka sayi sabo, kamar sauran masara mai aure da muka saba. Ƙasa kuma, bara dawa na bi da ita a wurin, ta yi kyau.

Abin da ke ci mini rai, babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, amma har yau sai mun shigo da na Nijar. Ka leƙa kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe a watan bazara ka tambayi kuɗin mudu, sannan ka tuna wake ne naman talaka. Abin da tsutsa ke cinyewa ai daga tukunyar mutane yake fita.

Waken nan ba ya hana ƙwaron ajiya fa, ka nemi buhu mai leda. Kuma ka sayi irin ta hannun malamin gona, don an taɓa auna mini wake na gari da sunansa a wata kasuwa.