Tambayi Kawu: Gasar Harbi da Ƙaramar Bindiga

Assalamu alaikum Kawu. Ni mai gyaran waya ne a Wuse. Na daɗe ina kallon gasar harbi a YouTube, irin wadda mutum ke zaro bindiga daga ƙugu, yana gudu yana harbin kwalaye da farantan ƙarfe, agogo na ƙirga masa lokaci. Abin ya shiga raina sosai. Yayana da ke Amurka ya ce CZ Shadow 2 ta fi, abokina kuma ya ce Glock 17. Wacce zan fara tara wa kuɗi?
Sadiku, Gwarimpa

Wa alaikumus salam, ɗana Sadiku. Riƙe kuɗinka tukuna, don ko ɗaya daga cikinsu ba za ka shiga shago a Abuja ka saya ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Fistol da libarba suna kashin farko, na haramtattun makamai, sahu ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, kuma lasisinsu a hannun Shugaban Ƙasa yake. Kashi na biyu su ne bindigar farauta da bindigar iska, lasisinsu na Sufeto Janar na 'yan sanda ne. Na uku irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Wanda aka kama da fistol ba lasisi yana fuskantar ɗaurin shekara 10. Ko yayanka ya ce zai aiko maka da ita kyauta, ka yi masa godiya, ka ce ya bar ta can.

To, mu zo ga wasan kansa. Ƙungiyar da ke tafiyar da shi a duniya ita ce IPSC, an kafa ta a watan Mayun 1976 a garin Kolombiya na jihar Misuri a Amurka, shugabanta na farko kuwa wani tsohon hafsan soja ne, Jeff Cooper. Wasan ba baƙo ba ne a Afirka: an yi gasar duniya ta 1977 a Salisbiri, wato Harare ta yau, ta 2002 kuma a Polokwane ta Afirka ta Kudu.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne lissafi. Kowane kwali an raba shi gida uku, A da C da D. Tsakiya, wato A, maki 5 ne ga kowa. Mai harsashi mara nauyi yana samun 3 a C, 1 a D. Mai harsashi mai ƙarfi 4 da 2, saboda bindigarsa ta fi wuyar riƙewa. Kuskure ɗaya ana cire maki 10, haka ma in ka taɓa kwalin da aka hana harbi. Daga nan sai a raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɓata. Ɗauki zagaye mai harsashi 12, maki 60. Wani ya natsu ya cinye 60 ɗin duka a daƙiƙa 12, ya tashi da 5.0. Wani ya bar biyu a C, ya samu 56 a daƙiƙa 10, ya tashi da 5.6. Na uku ya yi ta wuta kamar ana binsa, ya gama a daƙiƙa 9 amma ya kuskure ɗaya: 55 a cire 10 saura 45, shi ma 5.0. Na tsakiyar nan shi ya ci, kuma ba shi ya fi kowa saiti ba, ba shi ya fi kowa sauri ba.

Game da gardamar yayanka da abokinka, kowa da gaskiyarsa. Shadow 2 'yar ƙasar Cek ce, jikinta ƙarfe zalla, ta haura kilo 1, nauyin nan ne ke danne tsallen bakinta bayan kowane harbi, shi ya sa ta cika rukunin bindigogin da ake shiga gasa da su yadda kamfani ya ƙera su. Glock 17 'yar Ostiriya ce, gangar jikinta roba mai tauri, ba nauyi, ba tsada kamar waccan, ba ta da yawan laulayi. A wannan rukuni harsashi 15 kawai ake yarda ka zuba a magazin, saboda haka babu wadda ta fi wata ta wannan fuska. Waɗanda kake gani da na'urar saiti mai jan ɗigo a sama, da doguwar magazin, da ramuka a baki masu fitar da hayaƙi sama, na wani rukuni ne daban inda kusan komai ya halatta, kuma kuɗinsu ya isa jarin shago. A ra'ayina, sabon shiga ba zai ma ji bambancin Shadow da Glock a sakamakonsa ba sai ya shekara yana atisaye.

Hanyar da zan nuna maka ita ce ka nemi Hukumar Wasan Harbi ta Nijeriya, ko ka bi ta hukumar wasanni ta Birnin Tarayya, ka tambayi inda ake horar da farar hula a ƙarƙashin kulawa, da kayan da ke hannun hukuma. Abin da za ka saya da kuɗinka yanzu bai wuce tabarau mai kare ido da abin toshe kunne ba. Kada ka raina bindigar iska in ita aka miƙo maka. Wani ɗan Japan, Tatsuya Sakai, a ƙasarsu doka ta hana farar hula fistol kamar mu, ya yi ta atisaye da mai harba ƙwayar roba, ya je Amurka a 2004 ya lashe babbar gasar harbin farantan ƙarfe da bindigar gaske. IPSC ma ta buɗe wa irin wannan bindiga sashenta, aka yi gasar duniya ta farko a Hon Kon a 2018. Sai dai ko ita kada ka yi odarta ta intanet sai ka samu izini a rubuce, kuma kada ka kuskura ka saka ta a jaka ka hau hanyar Kubwa. Jami'in da ke shinge da daddare ba zai tsaya tantance ta roba ce ko ta ƙarfe ba.

Kawu, barka da aiki. Ni jami'a ce a ɗaya daga cikin hukumomin tsaro, ana shirin saka ni a tawagar harbi ta rundunarmu. Damuwata biyu ce. Harsashina kullum ƙasa ta hagu yake sauka, alhali saitina daidai ne. Sannan in na yi sauri maki ya zube, in na natsu agogo ya cinye ni. Ko in sa a gyara min saitin bindigar?
Kofur Ladi, Nyanya

'Yata Ladi, kada ki bari kowa ya taɓa saitin nan. Na tabbata ke badama ce, don bahago ƙasa ta dama nasa ke sauka. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da ɗan alinki ke jan kunama, sauran yatsun hannun ma suna matsewa tare da shi, ga kuma jiki na tura bindigar ƙasa don ya tari bugun da yake jira. Duk wannan yana aukuwa kafin harsashi ya bar baki, amma ƙarar harbi tana ɓoye shi. In kina so ki gani da idonki, ki ba malamin fili magazin ɗinki ya cusa harsashin roba mara albarushi a tsakanin na gaske, ba tare da kin san gurbinsa ba. Da kin iso kansa za ki ga bakin bindigar ya yi sujada shi kaɗai.

Maganin yana hannun hagu. Shi ne zai yi matsa mai ƙarfi, tudun tafinsa ya cike gurbin da hannun dama ya bari a jikin mariƙi, manyan yatsu biyu na kallon gaba. Hannun dama ya kama can sama, ya riƙe daram, amma kada ya ƙanƙame har ɗan ali ya kasa motsi shi kaɗai. Wuyan hannu a kulle, ƙafafu a ware, nauyin jiki ya ɗan rinjaya gaba. Sai atisaye ba harsashi, a wurin da dokar aikinku ta yarda, bayan kin cire magazin kin duba ɗakin harsashi sau biyu, kuma babu ko ƙwaya ɗaya kusa da ke: ki ja kunama kina kallon saitin gaba, in ya motsa ki sake. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar.

Damuwarki ta biyu ita ce ta kowa. Ana cewa sauri ya haifi nawa, amma a wannan wasa nawa ma ba ta haifar komai, saboda haka abin tambaya shi ne a ina za a yi saurin. Sabon shiga yana neman sa a yatsa. Tsakanin harbi da harbi a kan kwali ɗaya gwani na ɗaukar kamar kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa, ke ki ce kina ɗaukar 4. Ko kin kamo shi, ribar kaɗan ce. Daƙiƙoƙin gaske suna zubewa ne a inda ba a harbi. Ido ya riga bindiga isa kwali na gaba, ya tsaya a kan ɗan wuri guda a tsakiyarsa, sannan hannu ya biyo. Ki iso wurin tsayawa da bindiga a sama, ba sai kin tsaya cak ki fara ɗago ta ba. Canjin magazin a yi shi ana cikin tafiya daga wuri zuwa wuri, kada ki jira ta ƙare kina tsaye. 'Yan mintocin da ake bayarwa a zaga fili kafin a fara kuwa ba na hira ba ne: ki ƙirga kwalaye, ki yanke inda za ki canja magazin, ki rufe ido ki maimaita tsarin har ya zauna. Kwalin da ke mita 5 ba ya buƙatar irin kallon da na mita 20 ke buƙata, kuma sanin wannan bambanci ne ya ba mai maki 56 na amsar da ke sama nasara.

Duk wannan a banza ne in alƙalin fili ya kore ki, kuma kora a nan ta gasar ce gaba ɗaya. Yatsa a cikin gidan kunama lokacin gudu ko canjin magazin, kora. Bakin bindiga ya karkata ya wuce kafaɗarki zuwa ɓangaren 'yan kallo, ko ya bi ta kan hannunki, kora. Harbin farantin ƙarfe daga ƙasa da mita 7, kora. Na ga jami'ai masu shekaru a bakin aiki sun fusata da wannan, suna cewa su za a koya wa riƙe bindiga? Ni kuwa ina ganin tsananin nan shi ne mafi alherin abin da wasan ke koya wa mai kaki.

Ta fuskar kaya, ki nemi kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, da ɗamara mai ƙarfi da ba ta lanƙwasa in kin zaro. Lokacin hunturu duk magazin da ta faɗi ƙasa ki buɗe ta ki goge kafin ki sake zuba mata, ƙurar nan ita ke sa bindiga ta cije a tsakiyar zagaye. Watan Maris kuma gumin Abuja zai sa mariƙi santsi, ki ajiye tawul da garin alli. In an tashi ki wanke hannu da sabulu kafin ki kai komai baki, saboda dalmar harsashi.

Salam. Ɗana ɗan shekara 15 ya nace sai ya shiga wannan wasa, wai yana so ya wakilci Nijeriya a gasar Olamfik. Shin irin wannan harbi ake yi a can?
Malam Haruna, Kubwa

Malam Haruna, Allah Ya raya mana shi. A'a, harbin gudu da zaro bindiga daga kube ba ya cikin wasannin Olamfik. Na can wata ƙungiya ce daban, ISSF, ke kula da shi, kuma a tsaye ake yinsa da hannu ɗaya. Akwai fistol ta iska a mita 10, ƙwayarta milimita 4.5, ana harbi 60 a zagayen share fage, da'irar maki goma kuwa faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Mafi kusa da abin da yaron ke kallo shi ne harbin sauri na mita 25, inda ake bugun allo biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4. In Olamfik yake nufi da gaske, ta mita 10 zai fara. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 17 lasisi, saboda haka ba maganar saya masa komai a gida. Ka kai shi wurin hukumar wasan da kanka, ka ga malamin da zai koya masa, ka zauna ka kalli darasin farko har a tashi.