Ina hujjar auren sirrin Sarki Edward na 4?

Ɗan uwa kace ina hujjar cewa Edward na 4 na Ingila ya auri Eleanor Talbot kafin Elizabeth Woodville? Wallahi abun akwai takaici. A ɓoye akace anyi auren, ita Eleanor ta rasu tun 1468, sai da sarkin ya mutu a 1483 maganar ta fito, ana cewa wani babban limamin coci, Bishop Stillington, ne ya fasa ƙwai, aka ce auren Elizabeth bai halatta ba, aka sheganta yaran da ta haifa wa sarkin, ƙanin sarkin Richard ya haye karaga. Majalisa ta tabbatar da hakan a dokar 1484, amma da Henry na 7 ya ƙwace mulki sai yasa aka soke ta ko karanta ta ba ayi ba, yace a lalata duk kwafinta, tunda ɗiyar Edward da dokar ta sheganta zai aura. Ni wannan gaggawar ta Henry har yau tana min ciwo.