Kiwon gyare don masu ajiye tsaka: wa zai saya a Zariya?

Wani mai shagon abincin kaji a Sabon Gari ya aiko da tambaya. Ya ga yadda a Turai da Amurka ake kiwon gyare ana sayar wa masu ajiye tsaka a gida don sha'awa su ciyar da ita, yana so ya san ko zai ci riba in ya zuba ɗan jarinsa a harkar.

Malam, kiwon kansa ba ya cin kuɗi. Babbar roba mai santsin ciki, murfin raga, kiret ɗin ƙwai na kwali inda za su ɓuya, sai ɗan kwano da ƙasa mai damshi da macen za ta soka ƙwai a ciki. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kamar mako 2, su girma cikin mako 6 zuwa 8. Abincinsu yana shagonka, dusa da abincin 'yan tsaki, ka ƙara da yankan kabewa. Ruwa kuwa a jiƙa soso a ajiye musu, don a kwano nutsewa suke yi. Suna son ɗumi, wajen digiri 28 zuwa 32, ka kuwa san hunturun Zariya a Disamba da Janairu: girma zai tsaya, ƙwai ya yi nawa. Ga kiyashi, in suka samu hanya sai su kwashe ƙananan tas, don haka a ɗora robar kan tebur, ƙafafunsa su zauna cikin gwangwanin ruwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne kasuwa. Tsakar da ake ajiyewa, mai ɗigo-ɗigo irin na damisa, asalinta ƙasashen Afganistan da Pakistan da Indiya ne, shigo da ita ake yi. Mu nan in aka ga tsaka a bango, takalmi ake nema. Masu wannan sha'awa 'yan tsiraru ne, sai ka leƙa Legas ko Abuja, kuma kowanne abin da zai saya a mako bai taka kara ya karya ba. Gyare kuma ba masara ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira farashi. Da ya girma, 'yan makonni suka rage masa, ko an saya ko ba a saya ba. In ka aika shi a mota cikin zafin Afrilu, wanda ya mutu a hanya asararka ce.

Shawarata, ka nemi mai saye kafin ka sayi roba. Fara da kwastomominka masu talotalo da salwa da tarwaɗa. Busasshen gyare yana da furotin kusan kashi 60 cikin 100, kuma busasshe yana ajiyuwa. Gwada roba biyu kawai, ka rubuta kowace naira da ta fita, ka auna abin da ka samu, sannan ka kwatanta da kuɗin garin kifi. Mai tsaka in ya zo daga nesa, ya biya kafin ka ɗora kaya a tasha.