Ƙanina ya daina shan magani don kar a ce masa mahaukaci

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Ƙanina ne, shekararsa 24, bara ya shiga wani hali, sai ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutu yana rabar da kayansa, bayan nan kuma ya kulle kansa a ɗaki ko wanka baya yi. Da ƙyar muka kaishi asibiti, likita yace baifola ce, aka ɗora shi kan magani ya samu sauƙi har ya koma makaranta. To abokansa sun ga kwalin maganin a jakarsa suka fara tsokanarsa wai "ya zare", yanzu sati biyu kenan ya daina sha. Mama kuma tace kar kowa yaji a dangi. Ya zanyi?
Daga wata 'yar'uwa

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata, Allah ya bashi lafiya. Maganar abokan nan ki ajiye ta tukuna, abinda yafi tayar min da hankali shine sati biyun da yayi ba magani. Ita baifola ciwon ƙwaƙwalwa ne mai hawa da sauka, wani lokaci mutum ya cika da karsashi barci ya ƙaurace masa, wani lokaci ya faɗa cikin baƙin ciki mai nauyi, kuma magunguna irinsu litiyam aikinsu su riƙe shi a tsakiya, idan aka yanke su lokaci ɗaya ciwon yakan dawo da wuri. Ki lallaɓa shi ku koma wajen likitan a satin nan, kar kuce ya cigaba da sha da kanku, likitan ne zai faɗi yadda za'a koma.

Mama kuwa bana ganin laifinta, tsoro ne irin na uwa. Amma ki duba abinda shi yaron yake karantawa a wannan ɓoye-ɓoyen: idan a gida ma sai an sassauta murya kafin a ambaci ciwonsa, ana tura kwalin maganin ƙarƙashin katifa in anyi baƙi, to me zai hana shi yarda cewa abin kunya ne yake ɗauke dashi? Mai ciwon suga yana yiwa kansa allura a gaban mutane ba wanda ya ɗaga kai ya kalle shi, ƙwaƙwalwa kuma gaɓa ce kamar zuciya da ƙoda, tana ciwo tana jin magani.

Kuma fa ba shi kaɗai bane. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kusan miliyan 970 kenan, masu baifola kaɗai sun kai miliyan 40. Cikin masu tsokanar tasa ma da wuya a rasa wanda akwai mai irin wannan a gidansu, shiru kawai akeyi.

Duk 10 ga Oktoba ana ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya tun 1992, ayi jawabai a rarraba takardu, yana da kyau, sai dai gaskiya ni ban cika ganin fosta ta canzawa mutum tunani ba. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet da ya nazarci tsangwamar masu lalurar ƙwaƙwalwa a 2022 ya gano abinda yafi tasiri wajen rage ta shine cuɗanya, wato mutane su zauna da wanda yayi ciwon suji daga bakinsa, su ganshi yana karatu yana aiki. Don haka idan ya yarda, kuma dole sai da yardarsa don sirrinsa ne, ya zaɓi aboki ɗaya mai hankali ku zauna ku uku ayi masa bayani. Ɗaya ya isa a fara dashi, shi zai riƙa taka wa sauran burki.

A gida kuma ku daina cewa "ya taɓu" ko "abin nasa ya motsa", ku kira ciwon da sunansa, kuma duk wanda yace rashin tawakkali ne ki tambaye shi ko haka yake cewa mai hawan jini. Ki riƙa lura da barcinsa, yawanci ta nan alama take fara bayyana. Idan kuma kikaji yana cewa ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, kar ki ɗauka wasa ne, kar a barshi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.