Tambaya da Amsa: Ta wace hanya likita zai ƙware a cututtukan alerji da na garkuwar jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni likita ce, na kare kundina na digiri, yanzu ina aiki a wani asibitin gunduma a jihar Damagaram. Kullum muna karɓar yara masu asma da masu ƙaiƙayin ido, da manya masu borin jini da ba ya jin magani, kuma mun taɓa samun wadda fatarta ta saluɓe bayan ta sha kwatirimokzazol. Ina so in ƙware a fannin alerji, wato borin da jiki yake yi wa abin da bai jitu da shi ba, da garkuwar jiki. Ina ake karanta shi, shekara nawa ake yi, kuma zai yi mini amfani idan na dawo gida?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne, a ƙasashenmu masu bin tsarin CAMES, wato majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska mai mazauni a Wagadugu, hanyar da aka saba bi zuwa wannan fanni ba ta miƙe kai tsaye daga digirin likitanci ba. Fannin kamar bene yake, ba a ɗora shi sai an gina ɗakin ƙasa. Ɗakin ƙasan kuwa shi ne DES, takardar ƙwarewa ta farko, a ɗaya daga cikin fannonin da masu alerji suke kai kukansu: likitancin yara, cututtukan huhu, cututtukan fata, kunne da hanci da maƙogwaro, ko likitancin cikin jiki na manya. Yawancinsu shekara huɗu ne, ana shiga ta jarrabawa, kuma wasu ana yin su a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wasu sai an je Dakar, Abijan, Bamako, Kwatanu ko Wagadugu. Bayan wannan ne ake ƙara shekara ɗaya ko biyu a kan alerji da garkuwar jiki kaɗai. Saboda haka ki yi lissafin shekara biyar zuwa shida daga ranar da kika ci jarrabawar shiga, ban da zaman jiran tallafin karatu da izinin ma'aikata.

Ba mu kaɗai muke da wannan tsari ba. A Amurka likita yana yin shekara uku a likitancin yara ko na manya, sannan ya ƙara shekara biyu a alerji da garkuwar jiki kafin ya zauna jarrabawar hukumar fannin, wadda aka kafa a 1971. Faransa ta daɗe tana koyar da shi a matsayin ƙarin takarda bayan wata ƙwarewa, sai a gyaran 2017 ta mayar da alerji DES mai zaman kansa na shekara huɗu. Amma wannan ƙofa ɗaliban da suka yi likitanci a can aka buɗe wa, baƙo ba ya shiga sai da ƙyar. Abin da aka tanadar wa likitocin waje shi ne takardun horo biyu: DFMS ga wanda yake cikin karatun ƙwarewa a ƙasarsa, da DFMSA ta wata shida zuwa shekara ɗaya ga wanda ya riga ya gama, kuma Jami'ar Sitirasbur ce take tattara takardun masu nema. Kin ga ko a nan ma, wanda bai ko shiga karatun ƙwarewar farko ba, ba a sauraren sa. Ga kuma matsalar biza, tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai yana rufe tun watan Janairun 2024, don haka kada ki ɗora dukkan shirinki a kan wannan hanya.

Idan kika tambaye ni wace ƙwarewar farko za ki zaɓa, zan ce likitancin yara, sai cututtukan huhu a bayansa. Dalilina shi ne yawancin abin da wannan fanni yake magani tun ƙuruciya yake farawa: egzema, wato ciwon fata mai ƙaiƙayi, a watannin farko, rashin jituwa da madarar shanu ko ƙwai, sannan asma da murar da ba ta ƙarewa. Nakasar garkuwar jiki ta gado ma, wadda yanzu an san ire-irenta fiye da 450, a jarirai take fi bayyana, kuma ta fi yawa a inda auren zumunci ya yi ƙarfi, domin da yawa daga cikinta sai yaro ya gaji ƙwayar halittar daga uwa da uba duka. Mu kuwa muna auren zumunci, kuma muna yi wa jariri allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a ranar haihuwa ko kusa da ita. Jaririn da aka haifa ba shi da garkuwa kwata-kwata, wannan allura mai rai tana iya bazuwa a jikinsa ta hallaka shi. Idan uwa ta ce miki 'ya'yanta biyu ko uku sun rasu kafin su cika shekara da zawo da ciwon huhu da farin baki, kuma an gwada ta ba ta da sida, to likitan yara ne zai fara jin wannan labari, kuma shi ya kamata ya gane abin da yake ji. Wanda ya bi ta cututtukan huhu zai fi ƙarfi a asmar manya da gwajin numfashi, sai dai a ƙasarmu tarin fuka zai cinye mafi yawan lokacinsa, ki sani tun yanzu. Mai sha'awar cututtukan da garkuwar jiki take juyawa ta yaƙi mai ita, irin su lupus, likitancin cikin jiki ne hanyarsa.

Akwai wata rarrabewa da matasa suke yawan ruɗewa a kanta. Ilimin garkuwar jiki na labo daban yake da na gefen gadon majinyaci. Mastar ko digirin digirgir a wannan ilimi yana kai mutum ga bincike da koyarwa da aiki a cibiyar binciken lafiya irin CERMES ta Yamai, kuma aiki ne mai daraja, amma ba ya ba ki ikon buɗe ɗakin duba masu alerji. Yadda kika rubuto, majinyata ne a ranki, don haka ki nemi horon asibiti.

Game da inda za ki yi ƙarin shekarun, ni na fi karkata ga cikin Afirka. Maroko da Tunisiya suna koyarwa da Faransanci, kuma sun yi nisa a nakasar garkuwa ta gado saboda su ma suna da auren zumunci. A Kasabalanka aka kafa ƙungiyar Afirka ta masu aiki a kan nakasar garkuwa, ASID, a 2008. Afirka ta Kudu tana da sashen alerji a Jami'ar Kep Tawun, kuma kwalejojin likitancin ƙasar suna ba da difloma da kuma takardar ƙwarewa a alerji, amma sai kin iya Ingilishi sosai. Kano tana nan kusa da mu, kuma asibitin koyarwa na Aminu Kano yana horar da likitocin yara da na manya ƙarƙashin kwalejin likitocin Afirka ta Yamma da ta Najeriya. Amfanin can shi ne majinyatan Hausa suke ji kuma cututtukansu irin namu ne, sai dai dole ki yi rajista da majalisar likitocin Najeriya, kuma ki tabbatar tun kafin ki tafi cewa za a amince da takardar idan kin dawo. Diflomomin jami'a da ake yi ta intanet suna da amfani wajen karatu, amma gani ya kori ji: wanda bai taɓa tsayawa a kan yaron da ake gwada wa abincin da ake zargi ba, da allurar gaggawa ta adirenalin a hannu, bai koyi aikin ba tukuna.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da na fi so ki riƙe, wato abin da za ki nema a cikin horon, domin suna da hatimin takarda ba su ne za su yi miki aiki a Damagaram ba. Littattafan wannan fanni a Turai da Amurka aka rubuta su, kuma gwaje-gwajensa suna iya yaudarar likita a yankinmu. Sinadarin IgE, wanda aka gano a tsakiyar shekarun 1960 kuma shi ne ginshiƙin gwajin jini na alerji, yana hauhawa a jikin mai tsutsar ciki ko tsargiya ko da ba shi da alerji ko kaɗan, haka ma ƙwayoyin jinin da ake kira ewozinofil. Wani bincike da aka yi a kan yaran makaranta a Gana ya nuna da yawansu jininsu yana nuna IgE na gyaɗa, alhali suna cin gyaɗa lafiya lau, kuma an danganta wannan da tsargiya. Ki duba yaran da suke wanka a tafkunan damina a garuruwanmu, ki duba yadda gyaɗa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suke cikin abincin kowane gida, har abincin da ake farfaɗo da masu tamowa da shi na gyaɗa ne. Likitan da ya dawo da takarda ya hana yaro gyaɗa don kawai sakamakon labo, ya cutar da shi. Hasali ma babban binciken Ingila da aka buga a 2015 ya nuna ba wa jarirai gyaɗa da wuri yana rage alerjinta da kusan kashi 80 cikin ɗari. Don haka malamin da za ki nema shi ne wanda zai zaunar da ke ki koyi tambaya: me aka ci, minti nawa kafin alamar ta fito, ta sake faruwa da aka maimaita, wane magani aka saya a kasuwa ba a faɗa ba.

Gwajin fata kuwa shi ne zai zama makaminki na kullum, domin ba ya buƙatar babbar na'ura. Ana ɗiga ruwan abin da ake zargi a damtse, a tsikara da ɗan tsinke, a karanta bayan minti 15 zuwa 20, kuma kumburin da ya fi na ruwan gishirin da ake ɗigawa a gefe don kwatance da milimita 3 ko fiye shi ne ake ƙirgawa. A baƙar fata jan da littafi yake nunawa ba ya fitowa sosai, sai an karkata hannun ga haske an shafa an auna kumburin, wannan kuma yana cikin dalilan da suka sa nake son ki koya a inda majinyata suke kama da namu. Ruwan gwajin yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a watan Afrilu idan wuta ta ɗauke, amma ga abinci ana iya tsikarar ɗanyen abin sannan a tsikari fata.

Matar da fatarta ta saluɓe da kika ambata, wannan ɓangare ne da ya fi kashe mutane a wurinmu fiye da alerjin abinci. Magungunan da aka fi sani da haddasa shi su ne dangin sulfa kamar kwatirimokzazol da sulfadoksin, da nebirafin, da magungunan farfaɗiya irin su fenobarbital da karbamazefin, da wasu na tarin fuka. Duk muna rubuta su kullum, sulfadoksin ma yana cikin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa ƙananan yara gida-gida da damina. Ki tabbata horonki ya koya miki yadda ake gano maganin da ya yi laifi a cikin guda biyar da majinyaci yake sha, da lokacin da ake iya sake gwada magani a hankali, da lokacin da ba a kusantarsa har abada. Ki nemi kuma 'yan makonni wajen likitan ido, saboda ƙaiƙayin idon yara mai mayar da farin ido ruwan ƙasa ya yi yawa a Sahel, kuma ɗigon kortizon da iyaye suke saya ba takardar likita yana iya jawo hawan ruwan ido har makanta.

Amfanin karatun idan kin dawo ba abin shakka ba ne, sai dai kada ki yi tsammanin zama a ɗaki kina duba masu alerji kaɗai. Za ki ci gaba da aikin ƙwarewarki ta farko, ki ware rana ɗaya ko biyu a mako don wannan. Ga babban asibitin ƙasa na Damagaram, ga tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar André Salifou da ɗalibanta, kuma duka biyun wuri ne da mai wannan ilimi zai yi aiki ya kuma koyar.

Kafin jarrabawar shiga ta zo, akwai abin da za ki fara daga inda kike. Ki buɗe rajista ki riƙa rubuta kowane mai asma da kowane wanda magani ya yi wa illa, da watan da ya zo, don ki ga abin da ƙurar hunturu da hayaƙin itacen girki suke yi. Wannan rajista ita ce za ta zama kundin ƙwarewarki, kuma ita za ki nuna wa malamin da kike neman ya karɓe ki. Ki duba ko akwai adirenalin a ɗakin gaggawa, kuma ko ma'aikatan jinya sun san cewa idan jiki ya ɗauki alerji mai tsanani, da shaƙewar numfashi ko faɗuwar awon jini, shi ake fara yi kafin kortizon, a tsokar gefen cinya, miligiram 0.01 ga kowane kilo, kada a wuce 0.5, a maimaita bayan minti 5 idan ba a ga sauƙi ba. Masu asma kuma, tun 2019 jagorar duniya ta daina amincewa da a bar manya da matasa da feshin Ventoline mai buɗe hanyar numfashi kaɗai ba tare da kortizon na shaƙa ba. Ga yaran da ba su iya shaƙar feshin daidai, robar ruwa ta rabin lita da aka huda gindinta aka cusa bakin feshin tana yin aikin bututun da ake sayarwa da tsada, kamar yadda likitocin yara na Kep Tawun suka gwada suka buga a 1999. Ki koya wa uwa a gabanki, ki sa ta maimaita har sai kin ga ta iya kafin ki sallame su.