Ƙashin muƙamuƙi bayan gashin cutar kansa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, tun da aka yi mini gashin kansar maƙogwaro bakina a bushe yake. Lafiya kuwa?

Amsa: Gashin, wato hasken na'ura da ake haskawa don kashe cutar kansa, shi ne ya taɓa inda yawu ke fitowa, Hajiya. Ki yawaita kurɓar ruwa, ki riƙa goge baki da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, don haƙori na saurin ruɓewa a busasshen baki.

Tambaya: Za a fara wa Baba gashi, an ce sai ya ga likitan haƙori tukuna. Ba ɓata lokaci ba ne?

Amsa: Ko kaɗan. Ruɓaɓɓen haƙori gara a cire shi kamar mako 2 kafin gashi, dasashi ya samu ya warke. Ku kai shi.

Tambaya: An yi wa maigidana gashin kansar harshe shekara 2 da suka wuce. Wani ya cire masa haƙorin turmi a gida, yau wata 4 wurin bai rufe ba. Ana hango fari kamar ƙashi, ga wari. An ce guntun haƙori ne, a kankare a ɗiga ruwan batir.

Amsa: Ruwan batir a bakin mutum! Malama, don girman Allah kada ku yi. Ƙona naman zai yi, ramin ya ƙara faɗi. Kankarewar ma haɗari ce.

Abin da nake tsoro shi ne mutuwar ƙashin muƙamuƙi. Gashi yana kashe cutar kansa, amma yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da ƙashi, musamman muƙamuƙin ƙasa wanda dama jininsa bai kai na sama ba. Irin wannan ƙashi idan ya samu rauni, kamar na cire haƙori, sai ya ƙi warkewa, ko bayan shekaru ne. Mukan yi zargin cutar idan ƙashi ya fito fili a wurin da aka gasa, ya wuce wata 3 bai rufe ba. Naku ya wuce.

A asibiti za a duba bakin, a ɗauki hoton muƙamuƙi gaba ɗaya, wataƙila a ƙara da hoton CT, mai nuna cikin ƙashi dalla-dalla, don a ga iya ɓarnar. Sau da yawa sai an ɗebi ɗan nama an auna, domin kansar da ta dawo takan yi kama da wannan sak, kuma ido kaɗai ba ya rabewa. Shi ya sa nake cewa ku je, makon nan.

Idan an kama da wuri, maganin kurkure baki, maganin ƙwayoyin cuta da cire mataccen guntun kan wadatar. Idan aka yi sake, ƙashin na iya karyewa, ko mugunya ta huda fata, sai babbar tiyata. In leɓensa na ƙasa ya fara mutuwa, wato ya daina jin taɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, ku tafi a ranar. In yana shan taba ya daina. Kuma kada wani ya sake taɓa masa haƙori sai likitan da ya san an yi masa gashi.