Manhajar salsala: in karɓi dangin da ta kawo mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Bayan rasuwar mahaifinmu na sauke wata manhaja a waya don in haɗa salsalar gidanmu. Da na saka sunan kakana, sai ta jero mini mutane barkatai masu irin sunansa, wai wataƙila danginmu ne. Ga shi kullum tana neman ranar haihuwa, mu kuwa daga kan kakanni ba mu san ta kowa ba. Cikin manya Goggona kaɗai ta rage, ta haura tamanin. In karɓi abin da manhajar ta kawo?
Wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Kada ki karɓa tukuna. Aikin manhajar shi ne ta kwatanta sunan da kika saka da takardun da ke rumbunta: ƙidayar jama'a, rajistar haihuwa da ta aure, jerin fasinjojin jiragen ruwa. Galibinsu na Turai da Amurka ne. Haɗuwar suna ba hujja ba ce. Idan kika shigar da baƙo ɗaya, iyayensa da kakanninsa za su biyo shi, kuma fitar da su ya fi shigar da su wuya.

Abin da kike nema yana bakin Goggo. Don Allah ki je mata cikin makon nan, ki nemi izininta, ki kunna naɗar murya. Kada ki ce "ba ni tarihin gidanmu", zai yi mata faɗi. Ki tambaye ta wa ya haifi wa, su nawa ne a ɗakin mahaifiyarta, wane ne babba, wa ya rasu yana ƙarami, me ake kiran kowa ban da sunansa na yanka. Ki matsa a kan dangi mata. Ni abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: sunayen iyaye mata su ne ke fara ɓacewa, alhali rabin jininki nasu ne. Kowane bayani ki rubuta wanda ya faɗa miki a ƙarƙashinsa, ko da an samu saɓani.

Batun ranar haihuwa mai sauƙi ne. Manyan manhajoji suna karɓar kiyasi. Idan Goggo ta ce an haifi yayanta kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ki rubuta "kafin 1945". Kada ki ƙirƙiri rana don cike gurbi.

Ba ki faɗi manhajar da kike amfani da ita ba. Idan FamilySearch ce, kyauta ce, wani coci da ke jihar Utah ta Amurka ke gudanar da ita, kuma asalinta tun 1894. Amma bishiyar salsala, wato jerin dangin da ake haɗawa, ɗaya ce ta kowa da kowa: duk mai rajista zai iya gyara abin da kika rubuta game da mamaci, rayayyu kuwa ke kaɗai ke ganinsu. A manhajojin Ancestry da MyHeritage kuwa bishiyar taki ce, sai dai yawancin takardun sai da kuɗi. Ko wacce ce, kada ki ɗora hoton ɗan'uwa mai rai sai ya yarda.

Idan manhajar tana ba da dama, ki riƙa fitar da kwafin aikinki a tsarin GEDCOM, wanda ake amfani da shi tun 1984, domin da shi ake ƙaura zuwa wata manhajar. Muryar Goggo kuma ki ajiye ta wuri biyu, ki tura wa ƙannenki.